Darasi na 7: Busasshen Rogo da Masana'antu

Rogo ba ya jira. Da zarar an tone shi, cikin kwana 2 zuwa 3 zai fara yin baƙi-baƙi a ciki, ya soma lalacewa. Ga kuma nauyi, domin kusan kashi 2 cikin 3 na ɗanyen rogo ruwa ne. Wanda ya yi lodinsa ɗanye daga Binuwai ko Kogi zuwa gari mai nisa, yawancin kuɗin motar da ya biya na dakon ruwa ne. Idan aka busar da shi kuwa, sai ya yi watanni a ajiye, ya kai har ƙofar masana'anta.

Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya. Muna girbe kimanin tan miliyan 60 a shekara, amma yawancinsa a tukunya yake ƙarewa: garin kwaki, tuwon alabo, ko dafaffe da ƙuli. Ƙasar Tailan ba ta noma ko kusa da namu, duk da haka ita ce kan gaba wajen sayar da kayan rogo a ƙasashen waje. Busasshen da take yankawa ƙanana, ƙasar Sin ce babbar mai sayensa.

Me ake yi da shi?

Yankakken busasshen rogo yana shiga abincin kaji da na dabbobi a madadin wani kaso na masara. Ana kuma tsima shi a tace sinadarin itanol, wanda ake amfani da shi a asibiti, a haɗa turare, wasu ƙasashe har a gauraya shi da fetur.

Sai sitaci. Galibi daga ɗanyen rogo ake tatsarsa, a busar ya zama farin gari mai laushi. Masaƙa na ƙarfafa zare da shi kafin saƙa. Masu takarda da kwali suna yin gam da shi. Ƙwayar maganin da kuke haɗiya ma, sau da yawa sitaci ne ya riƙe ta har ta dunƙule. Daga gare shi ake samun ruwan zaƙi na alewa da biskit, da sinadarin sobitol na man goge baki, wanda kamfanin Psaltry ya fara sarrafawa daga rogo a jihar Oyo a 2022.

Akwai kuma fulawar rogo. Zamanin Shugaba Obasanjo gwamnati ta nemi a riƙa haɗa kashi 10 cikin 100 na wannan gari a fulawar burodi. A lura, ba alabo ba ne. Ba a jiƙa shi ya yi tsami. Ranar da aka tono rogon ake ferewa, a wanke, a goge, a matse, a shanya. Kimanin buhu 4 na ɗanye ke ba da nauyin buhu 1 na garin.

Shanya

A nan ne manoma da yawa ke asara, kuma abin na da ciwo, don gyaransa ba ya cin kuɗi sosai. Za ku ga an baza rogo a gefen titi, mota na watsa masa ƙura, awaki na bi ta kai. Mai saye daga kamfani zai damƙi tafi ɗaya ya murza. Da ya ji tsakuwa, ko ya ga fumfuna, sai ya karya farashi ko ya wuce abinsa.

Ku yanka shi sirara, kada ya wuce kaurin yatsa. Ku baza a kan tamfol ko daɓen siminti mai tsabta, kada a tara shi tuli, a riƙa juyawa. Yankawa da shanya a rana suna rage gubar da ke cikin rogo mai ɗaci. Lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan aiki. Kafin ku zuba a buhu, ku karya guda: busasshe zai ce ƙas, cikinsa fari kamar alli. Idan ya lanƙwashe, da saura. Buhunan kuma a ɗora su kan katako, nesa da bango.

Kamfani ba ya sayen tiya-tiya. Ku haɗu a ƙungiya, ku tambayi irin kayan da yake so tun kafin ku tone gona.

Aiki

1. Rubuta abubuwa 3 da masana'antu ke yi da sitaci.
2. Idan kuna da buhu 20 na ɗanyen rogo, nauyin buhu nawa na fulawa za ku samu?