Yadda Ake Gane Tsoffin Ramukan Farar Ƙasa a Gonakin Ingila

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san kududdufi: ramin da aka haƙa don ɗebo ƙasar gini, damina ta cika shi. A karkarar Ingila, musamman Norfolk da Cheshire, akwai irinsa a tsakiyar gonaki, sai dai ba don gini aka haƙa su ba. Manoma ne suka ɗebi wani yumɓu mai haɗe da alli, wanda Turawa ke kira marl (shi ne nake kira farar ƙasa a nan), suka watsa a gona don kashe tsamin ƙasa. Aikin ya yi tashe a ƙarni na 18, ya ja baya a ƙarni na 19 da jirgin ƙasa ya sauƙaƙa kawo ƙonannen alli da takin zamani. Ramukan kuwa suna nan. Na sha fita da ɗalibai 'yan uwanmu neman su, kuma kuskure ɗaya kowa ke yi.

Ka fara daga ɗaki, kada ka fara daga gona. Buɗe shafin taswira na Babban Ɗakin Karatu na Sikotland a intanet, kyauta ne, ka jera taswirar Ordnance Survey (hukumar zana taswira ta Birtaniya) ta ƙarni na 19 gefe da hoton tauraron ɗan Adam na yau. Ƙananan da'irori a tsakiyar gona, wani lokaci biyu ko uku a manne, su kake nema. Idan taswira ta nuna rami amma hoton yau bai nuna komai ba, juya zuwa hoton LiDAR, wanda ke nuna tudu da kwarin ƙasa ko da an cike ramin an yi noma a kai. Kada ka ɓata kuɗinka kan taswirar takarda tukuna.

Lokacin fita tsakanin Disamba da Fabrairu ne, ba na karɓar gardama a nan. Amfanin gona gajere ne, ruwa ya kwanta a kowane kwari, rana kuma na can ƙasa-ƙasa tana fito da inuwar kowane lotsi. Na taɓa zuwa a watan Yuli, alkama ta kai ƙugu, na dawo hannu rabbana.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Sabon shiga da ya ga ruwa sai ya ce ya samu. Ba ruwa za ka duba ba, siffar baki za ka duba. Zagaya ramin gaba ɗaya a ƙafa. Ramin farar ƙasa gefe ɗaya yana da tsayi a miƙe, nan aka riƙa sara, ɗaya gefen kuma gangare ne mai sauƙi, domin ta nan doki ke jawo amalanke cike da yumɓu. In babu wannan gangaren, ka yi shakka. Ni na kwashe yini guda ina auna wani rami zagayayye tamkar an kifa ƙwarya, ina murna, sai wani dattijo mai yawo da kare ya ce min ramin bom ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Da na koma tsohuwar taswira, babu shi a ciki. Tun daga ranar ba na yarda da ramin da taswirar kakanni ba ta san shi ba. Akwai kuma ramukan da narkewar ƙanƙara ta bari tun dubban shekaru, kamar na Thompson Common a Norfolk. Waɗannan suna da ɗan tudu kewaye da baki, kuma a tarwatse suke birjik, ba ruwansu da iyakar gona. Ramin mai haƙar yumɓu ba ya barin tudu, don abin da aka haƙa an kwashe shi ne zuwa gona. Shanu ma kan tattake gefe ɗaya har ya yi kama da gangare, don haka duba ko gangaren ya fuskanci cikin gona, inda amalanke zai nufa.

Sauran mai sauƙi ne. Ɗebi ɗan ɓarɓashin ƙasa daga gefen mai tsayi, ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, akwai alli. Ɗauki hoto daga ɓangarori biyu, rubuta wurin a wayarka.

Ka tsaya kan hanyar ƙafa da doka ta ba kowa, in kuwa ramin na nesa da ita, nemi izinin mai gona. Kada ka shiga ruwan, lakar ƙasan tana da zurfi, kuma irin waɗannan tafkuna gidan wata ƙadangaruwar ruwa ce mai tukku da doka ta hana a taɓa. Takalmin roba dogo, ko na gwanjo ne, ya wadatar.