Kotun Gwaji: Inda Ɗaliban Lauya Suka Fi Tuntuɓe

Ɗaliban shari'a a nan Sakkwato sukan gayyace ni in hau kujerar alƙali a gasar kotun gwajin da ƙungiyarsu ke shiryawa, inda suke jayayya kan ƙirƙirarriyar ƙara kamar lauyoyi a gaban kotu. Ba na ƙi, don ni ma ta nan na biyo. Sai dai kurakuran bana su ne na bara, fuskoki kawai ke sauyawa.

Uwa-uba ita ce hadda. Wata 'yar aji huɗu ta taɓa tsayawa gabanmu, baƙar kwat a goge, Turanci kamar ruwan famfo. Minti uku tana zuba ban tanka ba, sannan na ce, "Lauya, in kotun farko ba ta da hurumi, me ya rage mu saurara?" Ta tsaya cak. Ta dubi takarda, ta dubi fanka, ta koma farkon sakin layi ta sake ɗaukowa kamar mai biya allo. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Jawabi ta shirya, ba shari'a ba.

Ƙanena, tambayar alƙali ba tarko ba ce. Nuna maka yake inda zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma nan makinka yake. Ka amsa nan take: e ko a'a tukuna, sannan dalili, sannan ka koma kan zarenka. Kada ka ce masa za ka zo wurin nan gaba. Wanda ke kan kujera shi ke yanke lokacin da za a zo wuri. Ka matse jawabinka ya koma kanun magana a shafi ɗaya, ka zaunar da abokan ɗakinka su riƙa katse ka ba tausayi. Ko a gasar Jessup, gasar kotun gwaji ta duniya kan dokar ƙasa da ƙasa, wadda aka fara a 1960 kuma ake ƙarƙare ta a Washinton, katsewar alƙalai ita ce ainihin gasar.

Ita kuwa tambayar hurumin, amsarta na cikin shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962: a haɗa kotu yadda doka ta tanada, batun ya zama cikin ikonta, ƙarar kuma ta shigo ta hanyar da ta dace. Ɗaya ya faɗi, duk abin da aka yi ya rushe komai kyansa. Wanda bai riƙe wannan ba, kada ma ya ɗaura kwala.

Akwai masu rikita kotun gwaji da shari'ar da ake kiran shaidu. A nan galibi ɗaukaka ƙara ake yi, doka ake jayayya a kanta. Abin da takardar gasa ta ce ya faru, shi ya faru. In ba ta ce da dare aka yi abin ba, kada ka ƙirƙiro mana duhu.

Sai kafa hujja, inda waya ta lalata mutane da yawa. Ɗalibi zai karanta taƙaitawar da ke saman rahoton shari'a, layi biyar, ya zo yana bugun ƙirji. Na taɓa jin wani ya kawo mana kalaman alƙalin da ya saɓa wa rinjaye a matsayin hukuncin Kotun Ƙoli. Abokin hamayyarsa murmushi kawai ya yi. Ka karanta hukuncin har ƙarshe, ka bambance dalilin da aka gina shi a kai da maganar da alƙali ya yi a kan hanya. Ka san kuma nauyin kowace hujja: na Kotun Ƙoli ya ɗaure kowa, na Ingila shawara ce. In laifi ne aka ce ya faru a Arewa, Final Kot za ka buɗe, ba kundin laifuffukan Kudu ba. In batun shari'ar Musulunci ne, kotunanmu Malikiyya suke bi, saboda haka "malamai sun ce" ba hujja ba ce. Faɗi babin a Risala, ko Muhtasar, ko Tuhfa.

Mintunan martani kuma, waɗanda ake ba ka bayan ɗaya ɓangaren ya gama magana, ba na maimaita jawabi ba ne. Zaɓi abu ɗaya ko biyu da ɗaya ɓangaren ya faɗa, ka warware, ka zauna.

Masu shirya gasar ma da nasu kason. Sukan rubuta matsalar da gefe ɗaya ke da gaskiya ƙarara, ɗayan ya zo kallo. Kafin ku raba, ku bai wa malamai biyu, kowa ya kare ɓangare ɗaya. In ɗaya ya rasa abin faɗa, ku sake rubutawa. Ku ba kowane alƙali takardar maki iri ɗaya, a raba na sanin doka, na amsa tambaya da na ladabi, a liƙa sakamakon kowa ya gani, don a huta da ƙorafin son kai. Kuma don Allah ku daina sa zagayen ƙarshe da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. Zafin Sakkwato da baƙar kwat, ga azahar ta yi, ga wuta an ɗauke: ba ɗalibin da zai tuna sashe na 36 na kundin tsarin mulki, ni ma da ke kan kujera agogo nake kallo.