Darasi na 9: Sifanar da Ta Dace da Fulogin Babur

Fulogi ne ke ba da tartsatsin da ke kunna mai a cikin inji. In babur ya ƙi tashi da safe, shi ake fara dubawa. Saboda haka duk mai babur ko pragya (keke mai ƙafa uku na fasinja) ko aboboya (na ɗaukar kaya) a nan Kumasi ya kamata ya iya kwance shi da hannunsa.

Ɗauki tsohon fulogi ka duba. Sama farin tangaran ne. Ƙasa haƙora ne masu shiga ramin kan inji. A tsakiya akwai ƙarfe mai gefe 6 irin na noti. Nan kaɗai ake kamawa.

Sifanar fulogi bututun ƙarfe ce mai zurfi. Tana haɗiye tangaran ɗin gaba ɗaya, ta sauka ta riƙe gefen nan 6 lokaci guda. Wata da sandar juyawa take zuwa, wata kuwa soket ce da ake ɗora wa hannu. Mai kyau tana da roba a ciki, wadda ke riƙe fulogin ya fito tare da ita.

Girma uku ne suka fi yawa: 16, 18 da 21, duk a milimita. A nan karatunka zai yi maka rana, domin lambar fulogin tana rubuce a jikin tangaran, da ita za ka gane girman sifanarsa. Ƙananan babura masu inji cc 100 ko 110 galibi C7HSA ko A7TC suke ɗauka, sifanarsu 16. Yawancin masu inji 125 da 150 na ƙasar Sin D8EA ko D8TC ne, tasu 18. BP6ES, wanda ake gani a janareta da yawa, tasa 21. In ka ga an rubuta 5/8 a jikin soket, awon inci ne, daidai yake da 16. Ita 13/16 kuma ita ce 21.

Ɗan'uwa, ina roƙonka, kada ka sa filaya, kada ka sa sifana mai buɗaɗɗen baki. Gefe biyu kawai suke kamawa. Da ka matsa sai su zame, su cinye kusurwar ƙarfen, ko su daki tangaran ya tsage. Tsagin ba lalle ido ya gan shi ba, amma wuta za ta riƙa zurarewa ta nan, babur ya dinga tari a hanya. Sifana 18 a kan fulogi 16 ma haka take yi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ramin kansa. Kan inji alminiyam ne, ya fi fulogi taushi nesa ba kusa ba. In haƙoransa suka lalace, sai masta ya sauke kan inji ya gyara ramin, kuɗin fulogi da yawa sun tafi ke nan.

In za ka saya a Suame Magazine, kasuwar makanikai ta Kumasi, sa tsohon fulogin a aljihu. Zura shi a cikin sifanar a gaban mai kaya. Ya zauna daram, kada ya yi wasa. Duba kaurin bangonta kuma, don wani injin raminsa matsattse ne, mai kauri ba ta shiga.

Kafin kwancewa, bari inji ya huce. Cire hular fulogi ta jikinta, ba ta waya ba. Hure ƙasar da ta taru a gindinsa, musamman lokacin hunturu, kada ta faɗa cikin inji. Tura sifana har ƙasa, ta miƙe sak, sannan ka juya hagu.

Wajen mayarwa, yatsu ne ke farawa. In ya ƙi tafiya sumul, ya hau a karkace, fito da shi ka sake. Sai ya zauna za ka ɗauki sifana. Sabon fulogi kamar rabin juyi ya ishe shi. Tsoho kuwa ɗan matsi kaɗan, domin zoben ƙarfensa ya riga ya lotsa.

Aikin gida: kwafi lambar fulogin babur ɗinka a littafinka, ka rubuta girman sifanarsa a gefe. Wanda ba shi da babur ya duba na maƙwabci.