In an ɗaure ɗan'uwanka kan fyaɗe ko sace mutum: yadda ake ɗaukaka ƙara a Gombe

Abu na farko, daga ranar da alƙalin Babbar Kotu ya karanta hukunci kwana ya fara ƙirguwa. Kwana 90 doka ta bayar a shigar da takardar ɗaukaka ƙara. Mutanenmu sai su ɓata wata biyu ana zirga-zirga gidan wane da wane ana neman alfarma, kafin a farga lokaci ya ƙure. Ana iya roƙon ƙarin lokaci amma sai da rantsuwa da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma kotu na iya ƙi.

To ku fara da karɓo kwafin hukuncin a ofishin rijistara. Haƙƙin wanda aka ɗaure ne, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a ba shi cikin kwana 7. Ku kai wa lauya, in babu kuɗi ku nemi ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya, aikinsu kenan. Ita takardar ɗaukaka ƙarar a kotun da ta yi hukuncin ake shigar da ita, kuma a bi shi gidan yari ya sa hannu da kansa don gudun matsala. Daga nan rijistara zai haɗa duk rubutun shari'ar ya tura sama, nan fa ake jin jiki, in ba ku bibiya fayil sai ya kwanta. Sauƙin dai yanzu akwai reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara a nan Gombe, ba sai an ci kuɗin mota zuwa wata jiha ba.

Abin da yawancin mutane ba su gane ba shi ne ba sabuwar shari'a za a yi ba. Alƙalai uku ne za su zauna da takardu, ba za su kira yarinyar da aka ce an yi wa fyaɗen ba, ba za su saurari liman ya ce ai yaron kirki ne ba. Tambayarsu ɗaya ce, ina alƙalin farko ya yi kuskure? Misali mutum bai jin Turanci aka yi ta shari'a ba tafinta. Ko ya ce dukansa aka yi kafin ya dangwala yatsa a takardar amsa laifi, kotu ba ta tsaya ta binciki hakan ba. Ko ya faɗa wa 'yan sanda tun farko cewa ranar yana kasuwar Kumo tare da wane, ba wanda ya je ya duba. Haka nan in yarinya ba ta kai shekara 14 ba, dokar shaida ta 2011 ta ce maganarta kaɗai ba ta isa ba sai an sami wata hujja da ta ƙarfafa ta, kamar rahoton likita. Amma fa abin da ba a tayar a kotun farko ba da wuya a yarda a tayar yanzu.

Ana iya ƙalubalantar kama shi da laifin, ko tsawon ɗaurin kawai, ko duka biyun. Lauyan da ya ce maka tabbas za a sake shi, riƙe kuɗinka. Kotu na iya tabbatar da hukuncin, ta rage, ta soke, ko ta ce a sake shari'a daga farko. Yana ciki fa duk wannan lokacin, beli bayan hukunci sai da dalili na musamman kamar ciwo mai tsanani. In an faɗi a nan saura Kotun Ƙoli a Abuja, ita kwana 30 kacal take bayarwa.

Ni dai in hujja ta fito fili yarinya an lalata mata rayuwa, ban ga amfanin sayar da gona ba. Kuma iyayen yarinya ku ma kuna da hanya, in an saki mutum ko an yi masa ɗaurin da bai kai ba, ku rubuta koke zuwa ga Antoni Janar a Ma'aikatar Shari'a da wuri, gwamnati ce ke ɗaukaka ƙara a madadinku, ita ma kwana 90 ɗin nan ne ke binta.