Gyaran Fuskar Tsohon Mashin

'Yan uwa masu sayen tsohon Jincheng ko Boxer, kada ku yi saurin kai shi wurin mai fenti. Tsatsar salansa da ta sifok, ku dunƙule foyil ɗin da ake naɗe gasasshen kifi, ku tsoma a ruwa ku goga. Za ku ga baƙin ruwa na zuba, ƙarfen na haske. Samfefa kuwa karce shi take yi, ni na taɓa ɓata nawa da ita.

Tsofaffin sitikun tanki, ku ajiye mashin a rana su yi laushi ku ɓare, sauran gam ɗin a goge da kananzir. Ban da fetur, yana dusashe fenti. Sit kuma a kai wa mai ɗinki ya sake fata.