Farar Shadda da Rana Tsaka: Saitin Kyamara a Wurin Ɗaurin Aure

Ɗaurin aure a unguwarmu ko dai ƙarfe 11 na safe ne, ko bayan an sauko Juma'a, rana tana tsakar ka, ango da abokansa sun sha farar shadda. A nan na fara ɗaukar hoto, ranar auren ƙanina. Riguna suka fito tas, fuskoki suka yi duhu, har Hajiyarmu ta kasa gane wasu baƙin. Abin ya daɗe yana cina.

Laifin otomatik ne. Kyamara in ta ga fari ya cika mata ido, sai ta zaci haske ya yi yawa ta rage shi, fuska ta tafi. Don haka murɗa maɓallin sama zuwa M, wato saitin hannu, ka riƙe abu uku da hannunka: ISO, ƙofar haske da saurin shota.

ISO, wato ƙarfin yadda kyamara take jin haske, ka bar shi a 100 muddin kana cikin rana. Ƙofar haske kuwa, wadda ake rubutawa da f, lambarta in ta yi ƙanƙanta ƙofar ta buɗe, bayan mutum ya yi dishi-dishi. Ango shi kaɗai f/2.8 ya yi masa kyau, amma sahu biyu na dattawa sai f/8, in ba haka ba na baya ba za su fito sarai ba. A rana tarwai, f/8 tana tafiya da saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara take barin haske ya shiga, wajen 1/400 na daƙiƙa. Ko ina kake, kada saurin shota ya sauka ƙasa da 1/125, domin mutane ba sa tsayawa cak, ana ta gaisawa ana gyara hula.

Abin da ya fi saiti amfani shi ne ka ja mutane inuwa. Ka ce, "Baba, don Allah a ɗan matso gindin katanga," ba wanda zai ƙi. Inuwar gini ta fi ta darbejiya, wadda take watsa ɗigon rana a fuska. Jar rumfa ma ka guje ta, tana rine farin kaya. A inuwa ɗaga ISO zuwa 400, shota 1/125, ka ɗauki ɗaya ka duba. Ni aikin wuyan babbar riga nake kallo: in zaren ɗinkin yana ganuwa, farin bai ƙone ba. Wanda ya ƙone kuwa ba manhajar da za ta dawo da shi.

Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in kyamararka tana da shi, ko da zai ci wuri a kati. A manhajar gyaran hoto irin su Lightroom ko Snapseed, fara da rage Highlights (wuraren haske) har ɗinkin ya fito, sannan ƙara Shadows (wuraren duhu) kaɗan-kaɗan har idanu su bayyana. Daga nan daidaita launi da farin rigar, kada ta yi shuɗi. Roƙona ɗaya, kada ka haska fatar mutum ta wuce yadda Allah ya yi ta. Ina jin ciwo in ga an mai da ango wani daban a hoton aurensa.

In hunturu ne, kada ka cire gilashin kyamara a waje, ƙura tana shiga ciki. Wajen turawa a WhatsApp kuma, tura shi a matsayin fayil, don kada a matse shi ya dusashe.