Kurakuran da Aka Fi Yi a Maƙalar Semina kan Ilimin Ɓoye Bayanai da Tsaron Kwamfuta

Ɗalibin da ke karatun kiriftogirafi, wato ilimin ɓoye bayanai ta hanyar lissafi, yakan fara tuntuɓe tun wajen zaɓen maudu'in seminarsa. Sai ka ga ya ɗauko take kamar "Tsaron Intanet", alhali littafi sukutum ba zai ƙare wannan batu ba, balle maƙala mai shafi 15. Gyaran shi ne ya tsaya kan tambaya ɗaya da za ta amsu, misali yadda aka gano mabuɗin sirrin na'urar wasanni ta PlayStation 3 a shekarar 2010 saboda an riƙa maimaita lamba ɗaya a kowane sa hannu na dijital, wato shaidar da ke tabbatar da asalin manhaja, lambar da ya kamata ta sauya kowane lokaci.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a rubuta cewa tsari kaza "yana da tsaro" ba tare da an faɗi wa ake tsoro ba. Mai kutsen nan, sauraron saƙo kawai yake yi a kan hanya, ko kuwa yana iya sauya shi? Na'urar tana hannunsa? Yaya ƙarfin kwamfutarsa yake? Matuƙar maƙala ba ta amsa waɗannan ba tun a shafukan farko, duk hukuncin da ta yanke daga baya ba shi da tushe. Tun a 1883 masanin ɓoye bayanai Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar cewa a ɗauka abokin gaba ya san komai game da tsarin in ban da mabuɗi, don haka ɗalibin da hujjarsa ita ce "ba wanda ya san yadda tsarin yake aiki" ya rushe aikinsa da hannunsa. Akwai kuma buƙatar a raba raunin lissafi da raunin manhaja. Matsalar tsaro da ake kira Heartbleed ta 2014 ba ta karya tsarin ɓoye saƙo na AES ko na RSA ba. Manhajar OpenSSL, wadda shafukan intanet ke amfani da ita wajen ɓoye saƙo, ita ce ta gaza tantance tsawon saƙon da aka aiko mata, sai ta riƙa fitar da abin da ke cikin ma'ajiyarta. Wanda ya cakuɗa waɗannan biyun, tambaya ɗaya daga malami za ta tona shi a ranar gabatarwa.

Daga nan sai dogaro da tsofaffin littattafai. A wannan fanni, abin da aka yaba jiya yana iya zama abin gudu a yau. Tsarin ɓoye saƙo na DES mai mabuɗin bit 56, wato jerin sifili da ɗaya guda 56, an fasa shi cikin sa'o'i 56 a 1998, kuma AES ya gaje shi a 2001. A cikin tsare-tsaren hash, masu yi wa bayani zanen yatsa, an nuna raunin MD5 a 2004, na SHA-1 kuma a aikace a 2017. A watan Agustan 2024 hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin farko da aka tsara don jure wa kwamfutar kwantam, sabon nau'in kwamfuta da ake fargabar zai iya karya tsare-tsare irin su RSA. Saboda haka kowane da'awa game da ƙarfin wani tsari a haɗa ta da shekararta, a kuma koma ga asalin maƙalar da ta kawo binciken maimakon kwafar taƙaitawar wani.

Rikita kalmomi ma ruwan dare ne. Tsarin Base64, wanda wasu kan ɗauka ɓoye saƙo ne, sauya siffar rubutu kawai yake yi, ba ya ɓoye komai, shi kuwa hash tamkar zanen yatsa ne na bayani, ba a tsara shi don a warware ba. Ƙirƙiro sabon tsarin ɓoye saƙo a cikin zango ɗaya kuma, gara a bar shi. Nazarin wanda masana suka daɗe suna gwadawa ya fi amfani.

Wani kuskuren na iya kai mutum gaban alƙali, wato gwada kutse a kan shafin makaranta ko na banki da sunan bincike. A Nijeriya, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. A yi gwaji a kan na'urar da mutum ya mallaka, ko da rubutaccen izini.

Yawancin ɗalibai kan ware rubutun daban da darasin aji, su bar shi sai makon ƙarshe, sa'annan su cika shafuka da lissafin da ba su taɓa warwarewa ba. Ya fi kyau duk tsarin da za a bayyana a fara gwada shi da biro da takarda. A RSA, a ɗauki 3 da 11, a ninka a sami 33, mabuɗin fili da ake ɓoye saƙo da shi ya zama 3, na sirri da ake warwarewa da shi 7. Saƙon 4 zai koma 31, wato ragowar 4 × 4 × 4 idan aka raba da 33, idan aka warware kuma ya dawo 4. A saka wannan misali a maƙalar mataki-mataki, sa'annan a bayyana dalilin da ya sa a aikace ake amfani da lambobi masu bit 2048 ko fiye.